Filin Golf Na Pebble Beach: Gaɓar Teku Ta Fi Ƙarfin Gidan Mutum Ɗaya

A gaɓar tekun Fasifik, cikin Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, akwai wani filin wasan golf da ake kira Pebble Beach, wanda aka buɗe a shekarar 1919 a tsakiyar unguwar masu hannu da shuni. Da farko an yanka bakin tekun ne filoti-filoti domin a sayar wa masu son gina gidaje. Samuel Morse, wanda aka ɗora wa kula da ƙasar, shi ya sauya shawara, ya bar wa wasa gaɓar, gidaje kuwa aka janye su baya. Lalle wannan shawara ita ce daidai.

Jack Neville da Douglas Grant, waɗanda suka tsara filin, 'yan wasa ne, ba ƙwararrun masu zane ba. Abin da suka yi kawai shi ne jera ramuka a bakin ruwa iyakar yadda ƙasa ta yarda. Rami na 7 bai wuce yadi 110 ba, amma ran da iska ta taso daga teku, sai gwani ya ɗauko sandar bugun nesa yana fargaba. A rami na 8 kuwa tilas ƙwallo ta tsallake wani wawakeken kwazazzabo, ruwa na tumbatsa a ƙasa. Ga kuma dandalin ramukan ƙanana ne ƙwarai, watau mai ƙarfin dantse ba ya cin riba a nan sai in ya iya auna iska. A wannan fili ne Tiger Woods ya lashe gasar US Open ta 2000 da ratar bugu 15.

To, amma an yi kuskure guda. Tun 1915 an riga an sayar da wani filoti mai eka biyar da 'yan kai a bakin ruwa, mai shi kuma ya ƙi mayarwa. Saboda haka aka karkatar da rami na 5 zuwa cikin tudu, ya juya wa teku baya. Sai a 1995 kamfanin ya fanshi wurin da miliyoyin daloli, Jack Nicklaus ya tsara sabon rami, aka buɗe shi a 1998. Takardar ciniki ɗaya ta ɗauki shekara 80 kafin a warware ta, abin da ya kamata duk ma'aikacin da ke sa hannu a takardar fili ya yi wa kallon tsanaki.

Masu sayar da filaye za su ce gida a bakin ruwa ya fi kawo kuɗi nan take, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai a dubi ramuka na 11 zuwa na 16, inda filin ya bar gaɓa ya ratsa tsakanin gidaje da itatuwa: ba kasafai ake jin labarinsu ba. Gidajen da ke wurin ma darajarsu daga ramukan gaɓa take fitowa. Filin a buɗe yake ga kowa, ko da yake kuɗin zagaye ɗaya ya haura dala 600, wanda ba aljihun ɗalibi ko ƙaramin akawu ne zai ɗauka ba.