Awa Takwas A Kwali, Awa Biyu A Hannu: Tauye Mudu Ya Shiga Batir

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. A kwanakin baya wata baiwar Allah da muke zama rumfa kusa da rumfa a kasuwar Bune, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, mai sayar da kanwa da dabino, ta kwashi adashinta na shekara guda, ta haɗa da kuɗin awaki biyu, ta aika birnin Damagaram aka sayo wa 'yarta da ke karatu a Jami'ar André Salifou kwamfutar tafi-da-gidanka. Mai shago ya yi rantsuwa cewa batirinta yana riƙe caji awa takwas, har ya nuna wa ɗan aike rubutun da ke jikin kwali. Da yarinya ta zo hutu gida aka kai kwamfuta wurin mai caji ta yini tana sha, washegari da safe ta kunna za ta yi aikin makaranta, ko awa biyu ba a cika ba ta ɗauke ɗif. Da aka koma wa mai shago da ƙorafi sai ya ce ai haka kamfani ya rubuta, ba shi ya ƙera ba, kuma kaya in ya fita ba ya dawowa.

To jama'a, mu 'yan kasuwa mun san sunan wannan abu tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Idan mace ta biya kuɗin tiya guda ta gero aka auna mata da tiyar da aka bubbuga gindinta ta shige ciki, ba ma cewa an yi kuskure, cewa muke an tauye mudu. Awannin batir su ma ma'auni ne, kuma a kansu aka yi ciniki. Mutumin da ke zaune inda wuta ba ta ɗaukewa bai damu ba ko batir ya yi awa ɗaya, domin soket yana kusa da shi. Amma a ƙauyukanmu da yawa da layin lantarki bai kai ba, inda sai an biya mai sola ko mai janareta kafin a samu caji, batirin shi ne rabin kayan. Ko a manyan garuruwa ma ba mu manta ba yadda aka sha duhu bayan da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024.

Ya kamata mu fahimci yadda ake samo wannan awa takwas ɗin, domin ba daga sama take faɗowa ba. Batir kamar tulu yake. Girman tulun shi ake rubutawa da alamar Wh a jikinsa, yawan wutar da kwamfuta ke zuƙa kuma shi ne girman moɗar da ake ɗiba da ita. A ce batir yana da Wh 48. Idan kwamfuta tana cin wat 6 kacal, zai kai awa takwas cif. Haka kamfanoni ke gwadawa: a ɗaki mai sanyi, da sabon batir, an rage hasken fuska, an sa ta aiki mara nauyi kamar nuna bidiyo ɗaya yana ta maimaita kansa. Amma da zarar ɗalibi ya ƙara haske don ya iya gani a rumfa da rana, ya shiga intanet, ya buɗe shafuka, ya jona salularsa tana caji, cin wutar na iya kai wat 16, awa takwas ta koma uku. Shi ya sa suke sa wata 'yar kalma gaban lambar, wadda ma'anarta ita ce "har zuwa". Wato har zuwa awa takwas, ba awa takwas ba. Wannan 'yar kalma ita ce gindin tiyar da aka bubbuga.

Kada wani ya ce ƙorafin ƙauyawa ne da ba su iya amfani da na'ura ba. A shekarar 2017 wata ƙungiyar kare masu saye a Ingila mai suna Which? ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa kwamfutoci 67, inda ta gano cewa kusan dukkan manyan kamfanonin suna zuzuta ƙarfin batirinsu, har akwai wadda aka ce tana kai awa 9 amma ba ta kai awa 4 da rabi ba. Na kamfanin Apple ne kawai suka cika alkawari a wannan gwaji, amma shi ma a shekarar 2020 hukumomin Faransa sun ci shi tarar Yuro miliyan 25, fiye da biliyan 16 na sefa ke nan, saboda bai sanar da mutane ba cewa yana rage gudun wayoyin da batirinsu ya tsufa. Idan haka ake yi wa Bature mai lauya da kotu a bakin ƙofa, ina ga mai kanwa a Bune?

Namu ma ya fi nasu muni ta fuska biyu. Ta farko, yawancin kwamfutocin da ke iso mana gwanjo ne, an yi shekaru ana amfani da su a ofisoshin Turai da Amurka kafin su bi ta Legas da Kano su sauka a kasuwar Dole ta Damagaram. Batir kuwa yana tsufa kamar jaki: duk cika da ƙarewa yana rage masa ƙarfi, bayan ɗaruruwan caji tulun ya tsuke. Wanda aka ƙera da Wh 48, in ya koma 24, to awa ukun nan ma ta zama ɗaya da rabi. Amma sai a goge jiki, a sa a leda, a faɗa wa mai saye lambar da aka rubuta ranar da ta fito daga masana'anta. Ta biyu ita ce zafi. Su kansu masu ƙerawa sun yi gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana lalata batir lalatawar da ba ta gyaruwa, alhali kuwa a ƙasar Gure watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura 40. Kayan da ya yi wata uku a shagon kwano ya riga ya fara mutuwa tun kafin a saye shi.

Ba kwamfuta kaɗai ba. Iyayenmu mata da ke karɓar kuɗi ta waya sun san ma'ajiyar cajin nan ta aljihu da ake rubuta mata 10,000. Ko mai kyau ce, abin da zai shiga waya bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba, saboda ana asarar wani kaso wajen juya wutar. Ta jabu kuwa ba a magana, an sha fasa wasu a tarar da yashi aka ɗura don su yi nauyi a hannu. Haka fitilar sola da aka ce za ta kwana tana ci, amma kafin mai tuwo ta gama cinikin dare ta koma kamar makesu.

To amma a nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Kamfani yana can ƙasar Sin ko Amurka, bai san Bune ba. Wanda ya dubi idon mai saye ya ce "wallahi awa takwas" ɗan uwanmu ne ɗan kasuwa, da shi muke sahu ɗaya a masallaci. Cewa "haka aka rubuta" ba hujja ba ce, domin babu mai hatsin da zai sayar da buhu mai rabin ƙaiƙayi ya ce haka manomi ya ɗinke. Sura guda Allah ya saukar a kan masu tauye mudu, kuma malamanmu kullum suna tuna mana cewa ɓoye aibin kaya yana cire albarkar ciniki. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ka cuci mace ɗaya a kasuwar ƙauye, kafin kasuwa ta sake ci duk dangin mijinta sun ji.

Mafita ba ta da wuya. Duk mai sayen kwamfuta ya tafi da wanda ya san kanta, ya ce a fito masa da rahoton batir da ke cikin Windows, wanda ke nuna lambobi biyu: girman batirin ranar da aka ƙera shi, da abin da ya rage masa yau. Minti biyu ya isa. Idan na biyun ya yi ƙasa sosai, a rage kuɗin sabon batir daga farashi. Sannan a cika ta, a cire waya, a kunna a gaban mai shago, a je a yi sauran cefane a dawo a ga inda ta tsaya. Abin da aka yi alkawari a rubuta shi a rasit tare da kwanakin da za a iya maidowa. Wanda ya ƙi gwaji ya riga ya ba ka amsa. A gida kuma kada a bar ta a rana ko a kan katifa, kada kuma a riƙa barin batir ya ƙare ƙurmus.

Daga ƙarshe muna kira ga hukuma. Nijar tana da dokar kare haƙƙin masu saye tun shekarar 2015, tana da hukumar ANMC mai kula da awo da ingancin kaya, ga ƙungiyoyi irin su ADDC-Wadata. Amma aikin kada ya tsaya a Yamai. Ƙasashen Tarayyar Turai tun watan Yunin 2025 suka wajabta liƙa wa wayoyin zamani takardar da ke nuna tsawon lokacin da batir ke yi bisa gwaji iri ɗaya ga kowa. Mu ba mu ce sai an kai can yau ba, amma mahukuntan garin Bune da sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan tireda suna da ikon kafa ƙa'ida cewa ba a sayar da kayan batir sai da gwaji, kamar yadda ake duba tiya da sikeli. Awakin baiwar Allah nan sun riga sun tafi, amma akwai wasu iyayen da ke zuba adashi yanzu haka.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da cin haƙƙin juna, amin.