A gyara titin Malanbil tun manyan motoci ba su dawo ba



Duk wanda ke kai albasa, shinkafa ko tattasai kasuwar Malanbil ya san hanya ɗaya ce ke ɗauke da garin. Ita ce babbar hanyar da ta taso daga Kwatano, fiye da kilomita 700, ta ratsa Kandi, ta ƙare a gadar Gaya. A kanta kamiyo ke bi, a kanta ɗan kabu-kabu ke sauke fasinja, a kanta mai amalanke da yarinya mai talla da tsohuwa mai kaya a ka suke ratsawa. Shekara da shekaru direba bai da inda zai ajiye mota sai bakin kwalta, mai ƙafa kuwa sai ya shiga tsakiyar titi.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 gada ta rufe. Mun ga layin motoci maƙare da kaya, mun ga mutane sun koma kwale-kwale. Kowa ya ji a aljihunsa. Muna roƙon Allah ciniki ya dawo kamar da. To amma ran da ya dawo, ina za a sa motocin? Tun ran gini ran zane. Lokacin da titi ya yi sauƙi shi ne lokacin aiki.

Gwamnati ta san yadda ake yi. A 2018 ta fara babban aikin kwalta a birane tara, har da Kwatano da Parakou da Natitingou. Malanbil, ƙofar ƙasa ta arewa, ba ta ciki. Kuɗin duwan na bi ta nan, aikin na tsayawa can.

Ga abin da jam'iyyarmu ke nema. A shirya babbar tashar kamiyo a wajen gari, da ruwa da makewayi da mai gadi, a kira direba in layinsa ya zo. A yi wa mai ƙafa hanyarsa gefe biyu daga kasuwa zuwa gada, magudanar ruwa a rufe, da wurin tsallakawa gaban makarantu da asibiti. A ware wa 'yan kabu-kabu da motocin ƙauye wurin tsayawa a ƙofofin kasuwa.

Wasu za su ce gyaran titi korar talaka ne. Tsoronsu na da dalili: a farkon 2017 an rushe rumfunan bakin titi a Kwatano da wasu birane, masu ƙaramin jari suka sha wuya. Shi ya sa muka ce kada a ɗaga teburin kowa sai an nuna masa sabon wurinsa, kuma a zauna da 'yan kasuwa da direbobi kafin a ja layi.

Babbar hanya ta gwamnati ce, amma tasha da kasuwa da titunan cikin gari aikin magajin gari ne da majalisarsa. Duk mai neman ƙuri'arku, ku tambaye shi ina zai ajiye kamiyo, ina kuma 'ya'yanmu za su taka. In bai da amsa, ku riƙe ƙuri'arku. Mu mun ba da tamu. Ranar zaɓe ku fito da wuri, ku zo da iyali.