Gervaise: miji ya sha, mata ta biya

Ƴan uwa, idan aka yi zancen mashayi a wurinmu, maganar takan ƙare da "Allah ya shirya", kowa ya kama gabansa. Ni kuwa ina ganin akwai tambayoyi biyu da muke tsallakewa: mi ya kai shi ga kwalba, kuma wa ke biyan kuɗinta? Wani tsohon fim na Faransa ya amsa su duka.

Sunansa Gervaise. René Clément ya shirya shi a 1956, ya ɗauko shi daga littafin Émile Zola mai suna L'Assommoir, wanda ya fito a 1877. Sunan littafin na wata mashaya ne a unguwar talakawa ta Goutte-d'Or cikin Paris, ma'anarsa abin da ake buga wa mutum ya suma. Maria Schell, wadda ta fito a matsayin Gervaise, ta samu kyautar gwanar ƴan wasa mata a bikin fina-finai na Venise a shekarar.

Gervaise mai wankau ce. Lantier, uban ƴaƴanta biyu, ya gudu ya bar ta. Ta auri Coupeau, mai aikin rufin kwano, mutum mai neman na kansa, suka haifi Nana, tana tara kuɗi don ta buɗe shagon wanki da guga. Rana ɗaya Coupeau ya faɗo daga saman gini. Jinya ta cinye ajiyar kaf. Maƙwabcinsu Goujet, maƙeri, shi ya ranta mata faran 500 ta buɗe shagon.

To, a nan ne abin ya lalace. Coupeau ya tashi daga jinya da tsoron hawa sama, ga zaman banza, ga abokai a mashaya. Abin da matar ta samu da guga, shi ke kai shi ga mai giya. Har Lantier ɗin ya kwaso ya ba shi ɗaki a gidan, ƙattai biyu suna ci daga gumin mace guda. Ƙarshenta hankalinsa ya gushe, ya farfashe shagon, aka tafi da shi asibiti. Fim ɗin ya rufe da Gervaise zaune a mashaya, ita ma ta fara, ƙaramar Nana kuwa ta fita titi ba mai tsawata mata.

Ban wanke Coupeau ba, shi ya ɗauki kofi da hannunsa. Amma ku lura, ranar da ya faɗo babu wanda ya biya shi ko sisi. Sai a 1898 Faransa ta yi dokar da ta ɗora wa mai ba da aiki diyyar haɗarin aiki, shekara 21 bayan littafin. Mu fa? CNSS tana biyan wanda aka rubuta sunansa, amma magini ɗan aikin yini da ɗan kabu-kabu idan suka karye, sai tukunyar matansu da kuɗin adashensu. Wani kuma tramol ya fara sha don ciwon baya ya bar shi ya fita nema, yau ga shi ba ya iya tashi sai da ita.

Saboda haka nake cewa wa'azi kaɗai ba ya isa. Wanda shaye-shaye ya kama yana buƙatar likita, kuma dangi su daina ɓoye shi don kunya har sai ya fara fashe-fashe. Matar da ke riƙe da irin wannan gida kar a sallame ta da "ki yi haƙuri". A tsare mata jarinta, a tsaya wa ƴaƴanta su zauna lakwal. Masu ba da aikin gini su ɗauki jinyar wanda ya ji rauni a hannunsu, hukuma ta tilasta musu.

Ku nemi fim ɗin ku kalla, baƙi-da-fari ne, da Faransanci. In kun gama, ku duba unguwarku: wace mace ce ke biyan kuɗin abin da ba ta sha ba, kuma wa ya taɓa tambayarta yadda take fama?