KUƊIN ASIBITINKA, WA YA ƊAGA HANNU AKA KARKATAR DA SU?

Jama'ar Bawku, Pusiga, Kulungugu da Paga.

Ranar 7 ga Disamba takardar ƙuri'a biyu za a ba ka. Kowa na maganar ta shugaban ƙasa. Mu ta ɗan majalisa muka zo yi maka magana a kai, don a majalisa ake raba kuɗinka.

A Gana, kayan da ake ɗora wa harajin VAT ana ƙara musu kashi 2.5 cikin ɗari don inshorar lafiya ta NHIS, da wani kashi 2.5 don asusun ilimi na GETFund. Ko kana da katin asibiti ko ba ka da shi, ka biya. To, a 2017, lokacin da NPP ke da kujeru 169 cikin 275, majalisa ta zartar da doka mai lamba 947, wadda ta sa wa irin waɗannan asusun iyaka. A wancan lokaci, abin da ya haura iyakar, sai gwamnati ta kai shi inda ta ga dama. Da sunan mara lafiya aka karɓa, amma ba duka ne ya isa wurinsa ba.

Sakamakon ka gan shi da idonka. Asibitoci su yi watanni suna bin NHIS bashi. Ka kai matarka da kati a hannu, a rubuta maka magani a ce ka je waje ka saya. A 2022 shugabannin makarantun sakandare da kansu suka fito suna kukan ƙarancin abincin ɗalibai, a ƙarƙashin shirin da ake ta yi mana gori da shi wai kyauta ne.

Matasan NABCO fa? A 2018 aka ce an ɗauki 100,000, sidi 700 a wata. Aka rufe shirin a 2022 suna bin bashin watanni, har sai da suka hau titi. Wane ɗan majalisar NPP ka ji ya ce ba zai amince da kasafin kuɗi ba sai an biya yaran nan?

Mai binciken kuɗin gwamnati kuwa, wanda rahotonsa majalisa yake zuwa, wato Daniel Domelevo, a 2020 Shugaba Akufo-Addo ya tura shi hutun dole. Sai a 2023 Kotun Ƙoli ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki. Ihu bayan hari.

Ɗan takararsu zai zo zango da shinkafa da atamfa, ya zauna a gaban sarki da liman. Ka karɓe shi da mutunci, baƙo ne. Amma kafin ya tashi ka tambaye shi: dokar 947, zai ɗaga hannu a soke ta ko a'a? Bashin NABCO, yaushe? Mu namu 'yan takarar ma kada ka ɗaga musu ƙafa, ka yi musu tambaya iri ɗaya a gaban jama'a.

Majalisar da ta gabata 137 da 137 aka yi. Kujera ɗaya tak ta isa ta juya lissafi, kuma tana iya zama ta mazaɓarka. Ka fito da wuri da katin zaɓenka, ka zo da mutanen gidanka.