Itace ɗaya, aji shida

A watan Afrilu, da ƙarfe sha ɗaya na safe, ajina ba ya zaunuwa. Rufin kwano ne, yara sun haura sittin, zafi a waje ya wuce digiri 40. Wanda bai fara gyangyaɗi ba yana fifita da littafinsa. Sai in ce a ɗauko allo mu koma ƙarƙashin dogon yaron da ke tsakiyar filin lakwal. Kafin minti goma idanu sun buɗe, har waɗanda ba su cika magana ba suna ɗaga hannu. Kusan shekara ashirin ina koyarwa, kuma cikin dabarun da aka koya mana a makarantar horon malamai ban ga wadda ta kai wannan inuwa aiki da bazara ba.

Matsalar ita ce itacen guda ɗaya ne, mu kuwa aji shida ne, sai dai mu yi karɓa-karɓa. Wani malami da ya riga mu gidan gaskiya ya dasa shi, an ce da kansa yake ɗebo masa ruwa.

Ba wai ba a dasa wasu ba. Kowace ranar 3 ga Agusta manya suna zuwa da motoci, a dasa itatuwa, a ɗauki hoto, a watse. Amma lokacin muna cikin babban hutu. Kafin a koma aji a Oktoba awaki sun cinye rabi, sauran kuma rani ya ƙarasa su. Cikin waɗanda aka dasa mana bara biyu suka rayu, su ma don mai gadi ya kewaye su da ƙaya.

Manoman Maraɗi sun riga mu gane inda gizo ke saƙa. Tun shekarun 1980 suka rungumi sassabin zamani: idan kututture ya tofo a gona, ba a sare shi, sai a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi a rage sauran. Reno suka yi, kowa a gonarsa. Da haka gawo ya dawo gonakin Maraɗi da Damagaram, a faɗin da masana suka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5. Ku gwada wannan da dajin dogon yaro da hukuma ta fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, wanda yau gine-gine da juji suke ci ta kowane gefe. Na farko yana da mai shi. Na biyu na kowa ne, shi ya sa ba mai tashi ya kare shi.

Don haka roƙona ga kwamitocin COGES shi ne, idan ana lissafin kuɗin alli da gyaran benci, a sa kuɗin shinge da bokiti. A raba wa kowane aji itatuwansa, a rubuta sunan ajin a jiki. Na san za a ce ruwan sha ma da ƙyar ake samu a wasu makarantu, kuma gaskiya ne. Amma ruwan alwala da na wanke allo ƙasa yake shanyewa kullum a banza. Ƴan ajina sun fara tara shi a jarka, suna zuba wa biyun nan da suka rage kafin a tashi.