Tsakanin Masu Harhaɗawa Da Masu Gadin Kwali

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin masu tara kayan wasan nan na Lego a Turai da Amurka, wadda duk lokacin da na ji ta sai raina ya ɓaci. Wai duk wanda ya sayi ƙwayoyin wani tsohon saiti ɗai-ɗai daga wurare daban-daban ya harhaɗa shi da hannunsa, to abin da ke gabansa ba na gaske ba ne, haɗe-haɗe ne, ƙanin jabu ne. Na gaske a wurinsu shi ne wanda yake cikin kwalinsa a manne, ba a taɓa buɗewa ba. Masu faɗin haka kuwa idan ka bincika za ka tarar su ne suka jibge kwalayen a ɗaki suna jiran farashi ya tashi. Da su nake yau, kuma ba zan yi musu kara ba.

Ga wanda bai san kayan ba, Lego ƙananan bulo ne na roba masu ƙulli-ƙulli a sama, ana danna wani a kan wani su kama juna, a gina gida ko mota ko jirgi. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ne ya kafa kamfanin a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, da kayan wasan katako ya fara. A 1958 aka yi rajistar irin bulon da aka sani yanzu, kuma abin da kamfanin yake tinƙaho da shi shi ne bulon wancan zamani yana kama na yau daram. Mai karatu ka riƙe wannan, domin a kansa duk maganata ta tsaya. Kamfani yana fitar da saiti da lambarsa da littafin da ke nuna yadda ake haɗawa, ya sayar na ɗan lokaci, galibi shekara biyu ko uku, sannan ya daina bugawa. Daga ranar da ya daina, sai kasuwar 'yan hannu ta karɓa.

Mu ɗauki saiti mai lamba 10179, wato jirgin Millennium Falcon na finafinan Star Wars. Ya fito a 2007 da ƙwayoyi fiye da 5,000, a kan dala 500. A lokacin ma mutane sun yi ta kukan tsada. Bayan an daina buga shi da 'yan shekaru sai ga wanda ba a buɗe ba ana neman dubban daloli a kansa. Haka aka yi da Taj Mahal mai lamba 10189 na 2008, mai ƙwaya 5,922, wanda dala 300 ne kuɗinsa a kanti. Haka da Café Corner mai lamba 10182 na 2007, wanda dala 140 aka sayar da shi. Yaron da ya ga jirgin nan yana ɗan shekara goma sha biyu uba bai iya saya masa ba, ya girma ya fara aiki ya zo nema, sai a ce masa ya kawo kuɗin mota. To me zai yi? Ya rungume hannu ya zuba wa kwalin wani ido?

Abin da mutane suka yi shi ne suka koma ga ƙwaya. A shekarar 2000 wani matashi mai suna Dan Jezek, ɗan asalin ƙasar Cek da ke zaune a Hawaii, ya buɗe kasuwa a intanet wadda ya kira BrickBay, daga baya a 2002 ta koma BrickLink saboda kamfanin eBay ya yi ƙorafi a kan sunan. A nan dubban ƙananan 'yan kasuwa suke baje kayansu, kowa da shagonsa, wani a Jamus, wani a Holan, wani a Amurka, wani a ɗakin kwanansa ma yake ajiye kayan cikin 'yan robobi. Kowace ƙwaya tana da lambarta, misali bulo mai ƙulli takwas da kowa ya sani lambarsa 3001. Kowane launi da sunansa. Kowane saiti akwai jerin duk abin da ke cikinsa, ƙwaya kaza launi kaza guda kaza. Sai mutum ya ɗauki jerin nan ya mayar da shi jerin abin da yake nema, ya fara bin shaguna. Littafin haɗawa kuwa kamfanin da kansa yana bayar da da yawa daga ciki kyauta a sauke a kwamfuta.

Wanda bai taɓa duba yadda ake wannan aiki ba zai ɗauka wasan yara ne. Wallahi lissafi ne mai cin ƙwaƙwalwa. Kasuwar tana nuna maka a kan nawa aka sayar da kowace ƙwaya cikin wata shida da suka wuce, mafi araha da mafi tsada da tsaka-tsaki, sabo daban na hannu daban, sannan ta nuna abin da masu shaguna suke nema yanzu. Mai hankali yana kallon abin da aka saya ne, domin kowa yana iya rubuta farashin da ya ga dama ya zauna. Amma ko ka samu araha ba ka gama ba. Babu shago ɗaya da zai haɗa maka ƙwaya dubu biyar. Wannan yana da rabin abin da kake so, wancan yana da rubu'i, wani kuma ƙwaya uku kacal gare shi amma su ne babu a ko'ina. Kowane shago da kuɗin aikensa, wasu kuma suna da ƙa'idar cewa sai ka sayi na kuɗi kaza kafin su saurare ka. Sai ka ga ƙwayar senti biyar ta jawo maka kuɗin aike na dala goma. Shi ya sa gwanaye suke yarda su sayi abu da ɗan tsada a shagon da suka riga suka cika kwando, a kan su buɗe sabon ciniki a wata ƙasa saboda rangwamen da kuɗin aike zai cinye. Wani yana wata shida yana wannan bibiya, wani shekara. Kaya su iso a tarar an turo launin da ba shi ba, ko ƙwaya biyu sun yi ƙasa, a sake komawa. Wannan mutumin ne ake ce wa mai jabu, alhali ya san jirgin nan ciki da bai fiye da wanda bai taɓa ganin komai ba sai hoton bayan kwali.

Kuma fa mafi yawan ƙwayoyin ba su da wata tsada. Raba dala 500 gida dubu biyar, kowace ƙwaya ba ta wuce senti goma ba, kuma da yawansu ana ci gaba da buga su a wasu saiti har yau. Inda gizo ke saƙar shi ne 'yan ƙwayoyi kaɗan waɗanda aka buga a wani launi don wannan saitin kawai. A jirgin 10179 akwai wani faifai mai zane da ake ɗorawa a samansa, da wasu dogayen tsani guda biyu irin na jirgin ruwa masu launin toka da ake sa wa a bayansa. Waɗannan 'yan abubuwa uku, da ɗan mutum-mutumin da ke zuwa da saitin guda biyar, su suka riƙa cinye kaso mai tsoka na kuɗin duk wanda yake harhaɗawa. Irin wannan tsani baƙi yana nan da araha. Roba ɗaya, injin bugawa ɗaya, girma ɗaya, launi ne kawai ya raba su. A gidan Green Grocer na 2008 kuma wani kore ne mai ɗaukar toka-toka ya zama alaƙaƙai. Ga kuma tarkon da kamfani ya ɗana ba da niyya ba wajen 2004, lokacin da ya canza launin toka ya mayar da shi mai ɗan shuɗi, ya canza ruwan ƙasa ya mayar da shi mai ɗan ja. A hoto kusan ɗaya suke, sai ka jera su a rana za ka ga bambancin. Baƙo a kasuwar nan sai ya yi asara a kan wannan kafin ya waye.

To idan mutum ya ga tsanin toka ya fi ƙarfinsa ya sa baƙi, ina laifinsa? Jirginsa ne, a ɗakinsa zai ajiye. Masu gadin kwali sai su kwashe da dariya wai ya ɓata tarihi. Wane tarihi? Kamfanin da ya yi kayan cewa ya yi kowane bulo ya kama kowane bulo. Ƙwayar da ta fito daga kwalin jirgi da wadda ta fito daga kwalin gidan 'yan kwana-kwana, idan lambarsu ɗaya launinsu ɗaya, ko ma'aikacin Billund ba zai iya ce maka ga ta jirgi ba. Sunan kamfani yana kan kowane ƙulli. Jabu na gaskiya an san shi, shi ne irin wanda kamfanin Lepin na ƙasar Sin ya riƙa bugawa yana kwaikwayon saitin Lego har da zanen kwali, wanda kotu a Guangzhou ta yanke hukunci a kansa a 2018, 'yan sanda kuma suka kai masa samame a 2019. Haɗa mai harhaɗa kayan asali da waɗannan a layi ɗaya ƙazafi ne.

Wuri ɗaya na yarda da su, kuma zan faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Wanda ya harhaɗa saiti, ya musanya wasu ƙwayoyi, ya buga sitika a shagon hoto, sannan ya kai kasuwa ya ce wannan daga kwali ya fito, to ha'inci ya yi, kuma abin da ya ci haram ne ko a Kano ko a Kopenhagen. Haka mai jiƙa tsofaffin farare da suka yi rawaya a sinadari su yi fari ya sayar a matsayin sabbi. Maganin wannan shi ne a faɗi gaskiyar kaya a bakin ciniki, a ce harhaɗawa aka yi, ga abin da aka musanya. Amma saboda wasu sun yi algus a ce duk mai auna hatsi ɓarawo ne, wannan son zuciya ne.

Bari mu juyo kan su masu gadin. Daga ina tsadar nan ta fito tun farko? Saiti yana kanti mutum ya shiga ya kwashe goma ko ashirin, ba don 'ya'yansa ba, ba don kansa ba, ya kai ɗaki mai sanyi ya jera. Wasu kuma da suka gano wace ƙwaya ce ba ta da yawa sai su bi shaguna su share ta kaf, su dawo su rubuta farashin da suke so. A kasuwar hatsi muna da suna ga mai yin haka, kuma ba suna ne mai daɗi ba. Abin ya ƙara lalacewa da jaridu suka fara rubuta cewa Lego ya fi zinare riba. Wata malamar jami'a a Mosko mai suna Victoria Dobrynskaya ta yi nazarin farashin saiti sama da 2,000 daga 1987 zuwa 2015, ta samu cewa a tsaka-tsaki suna ƙaruwa da kashi 11 cikin ɗari a shekara. Ban ƙaryata lissafinta ba. Sai dai mutanen da suka ji wannan adadi suka ruga kanti ba su tsaya sun tambayi abin da zai rage bayan kamasho da kuɗin aike da hayar wurin ajiya ba, ba su kuma tambayi wane ne yake riƙe da injin bugawa ba.

Amsar ta zo musu a 2017. A shekarar kamfani ya fito da sabon Millennium Falcon mai lamba 75192, ƙwaya 7,541, a kan dala 800, ya fi tsohon girma da kyau. A shekarar dai ya sake buga Taj Mahal da lamba 10256, kusan shi ne sak, bambancin ƙwaya ɗaya a lissafi. Farashin tsofaffin ya rikito. Sai ga masu gadin kwali suna kururuwa wai an ci amanarsu. Amanar me? Wa ya yi musu alkawari? Zinare dai sai an haƙo shi daga ƙasa, wannan kuwa roba ce da ake narkawa a zuba a mazubi, ranar da mai mazubin ya ga dama zai sake zubawa. Ni kam ban zubar musu da hawaye ba. Wanda ya harhaɗa nasa ya ajiye a kan tebur yana kallo, ranar ba abin da ya ragu a jirginsa.

Sai dai kada a ɗauka na wanke kamfanin. Dan Jezek ya rasu a 2010, iyalinsa suka sayar da kasuwar a 2013 ga wani attajirin Koriya ta Kudu, Kim Jung-ju, mai kamfanin wasannin kwamfuta na Nexon. A ƙarshen 2019 kuma sai Lego da kansa ya saye ta. Ke nan wanda yake yanke shawarar wace ƙwaya za a buga da wane launi da yaushe za a daina, shi ne kuma ya zama mai filin da ake cinikin ƙarancin, yana ganin abin da kowa yake nema, yana karɓar kamasho a kan kowane ciniki. An ba kura ajiyar nama. Ƙananan masu shaguna ne suke wanke tsofaffin ƙwayoyi, su ware su launi-launi, su ƙirga su ɗaure su kai gidan waya, su ne suka gina jerin nan da kowa yake amfani da shi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Akwai wata kasuwar mai suna Brick Owl, amma ba ta kai waccan girma ba.

Kuma kamfanin yana da nasa sashen sayar da ƙwaya ɗai-ɗai mai suna Pick a Brick, ya san hanyar ke nan. Tunda alƙaluman kasuwar suna hannunsa tun 2019, ya fi kowa sanin waɗanne ƙwayoyi ne 'yan share-kasuwa suka riƙe wa mutane wuya da su. Abin da nake nema gare shi bai taka kara ya karya ba: ya riƙa duba jerin nan lokaci-lokaci, ya buga waɗanda mazubinsu yake nan a launin da ake nema, ya zuba su a Pick a Brick da farashin roba.