ZAMAN IYALI: Keke a Hanyar Burji

Ga damina ta ɗauke, hanyoyi sun bushe, amfanin gona ya fara shiga rumbu. Don haka a wannan wata muna so mu yi magana da iyaye, musamman iyaye maza, a kan wani abu da yake jingine a bayan ɗaki a gidaje da yawa, tsatsa tana ta cinsa, wato keke.

Kun san yadda muke raina hanyar burji. In an ce garin su wane ba kwalta, sai mu ce ai ƙauye ne. To, ga abin mamaki. A jihar Kansas ta ƙasar Amurka akwai waɗansu tuddai da ake kira Flint Hills. Ƙasar kiwon shanu ce, hanyoyinta kuwa tsakuwa ce mai kaifi wadda take yanka taya. A shekarar 2006 mutum 34 suka taru a garin Emporia, suka yi tseren keke na mil 200 a kan waɗannan hanyoyi. Yanzu dubbai ne suke zuwa wannan tsere daga ƙasashe dabam dabam. A 2022 ma aka yi gasar duniya ta farko ta tseren keke a kan burji a ƙasar Italiya. Har keke na musamman suka ƙera dominsa: kansa a lanƙwashe kamar na tsere, tayarsa mai faɗi, wajen inci ɗaya da rabi ko fiye, ga giya da yawa don hawan tudu. Tsoron motoci da son iskar jeji su ne suka sa mutane da yawa suka bar kwalta.

Abin da waɗannan mutane suke kashe kuɗi masu yawa suna nema, Allah ya ba mu shi kyauta a bakin ƙofa. Ku dubi ƙasar Filato. Tsayin garin Jos daga bakin teku wajen ƙafa 4,000 ne, shi ya sa iskarsa take da sanyi, mutum ya iya tuƙa keke da hantsi bai galabaita ba. Manyan hanyoyi suna da kwalta, amma da zarar ka ratse sai jar ƙasa, ita ce take kai ka ƙauyuka.

Wanda yake da ƙananan yara, bari ya fara da wajen Vom da Kuru, a ƙasar Berom. Hawa da gangara a can ba su da tsanani, hanya tana ratsa gonaki masu shingen ƙerana, ga duwatsu ɗaya bisa ɗaya sai ka ce wani ne ya jera su. A Vom za ku ga asibitin da Mishan ta SUM ta buɗe a 1922, da kuma ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi wadda take can tun 1924. In aka nufi yamma da Jos, akwai Miango a ƙasar Irigwe, inda Mishan ta SIM ta kafa gidan hutu a 1914. Masu zama wajen Mangu kuma suna da hanyoyin Panyam da Kerang, inda tuddai suke tsaye kamar an kife ƙwarya. Tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta, sun mutu tun da daɗewa, suka bar ƙasa mai albarka ga masara da dankalin Turawa. Gindiri, inda aka fara koyar da malamai da masu bishara a 1934, ba ta da nisa daga nan. Duwatsun Shere da suke gabas da Jos, ta wajen Lamingo, tsayinsu ya kusa ƙafa 6,000. Wannan hawa na samari ne masu jini a jika, kada a kai yaro. Mutanen Kagoro da Biu da Zuru, ku ma kuna da naku tuddan, kun fi mu sanin hanyoyinsu.

Ga dalilin da ya sa muka kawo wannan magana a shafin iyali. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu na birni sun san sunayen 'yan ƙwallon Turai kaf, amma ba su san hanyar ƙauyen kakansu ba. Uba ya fita da asuba, ya dawo bayan sun yi barci. Ran Lahadi a tafi sujada tare, a dawo, kowa ya kama wayarsa. Ana nan sai a wayi gari yaro ya yi shekara goma sha bakwai, yana da abokan shawara a waje, shi da ubansa sai gaisuwa kawai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban da ya yi awa uku a kan hanya da ɗansa ko 'yarsa, suna tura keke tare a wurin hawa, suna hutawa a inuwa ɗaya, zai ji maganar da ba zai taɓa ji a falo ba.

Akwai kuma tarihin da za a nuna musu. A kan waɗannan hanyoyi masu bishara na dā suka bi da kekunansu na Raleigh, Littafi Mai Tsarki da tabarma a ɗaure a kariya, suna kai Maganar Allah ƙauye ƙauye. A kan keke aka ɗauko marasa lafiya da yawa zuwa asibitin mishan. Yaron da ya hau tudun da kakansa ya hau, gumi yana zuba, zai gane cewa ikilisiyar da yake zaune a ciki da wahala aka kafa ta.

Ba sai kun sayi keke mai tsada ba. Wanda yake gida ya isa, in an gyara shi. A kai shi wurin mai gyara ya duba birki gaba da baya, ya sa wa kaca mai, ya ɗaure duk abin da ya kwance. Kada a cika wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse, gama za ta riƙa tsalle tana zamewa a kan tsakuwa. Kada kuma ta yi laushi, don dutse zai matse tub ya huda shi. Ku tafi da famfo, da faci, da sholisho, da sifana, da ruwan sha isasshe, da ɗan gyaɗa ko ayaba. In da hali, a sa wa yaro hular kwano. Ranar farko mil biyar zuwa, mil biyar dawowa ya isa.

Ku koya wa yara sauka gangara tun kafin a kai wurin. A rage gudu tun daga sama, a kama birki biyu a hankali. Wanda ya danne na gaba kaɗai da ƙarfi a kan tsakuwa, ƙasa zai sha. A gindin kwari sau da yawa akwai rairayi da yake riƙe taya. In gangara ta yi tsanani, a sauka a tura, ba abin kunya ba ne. Sai kuma kududdufan da haƙar kuza ta bari ko'ina a ƙasar Filato. Ruwansu yana da kyaun gani ga wanda ya sha rana, amma suna da zurfi da sanyi, bakinsu a tsaye yake, sun ci rayuka da yawa. A gaya wa yara sarai, ba wanka, ba iyo.

Akwai wata magana mai nauyi wadda ba za mu ɓoye ba. Waɗansu daga cikin wuraren nan sun sha hare-hare. Ƙasar Miango ta yi makoki sau da yawa, an yi rikici a Mangu a 2023, ba mu kuma manta da abin da ya faru a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajiberin Kirsimati na 2023 ba. Saboda haka kada kowa ya kama hanya sai ya tambayi fasto ko dattawan wurin da za shi. In sun ce a dakata, a dakata. A tafi cikin ƙungiya, iyali biyu ko uku, ko 'yan Zumuntar Matasa tare da dattijo. A tashi da safe, a dawo kafin la'asar, a kuma bar labari a gida ta inda aka bi. Duk wanda kuka tarar a hanya, manomi ne ko makiyayi, ku rage gudu ku gaishe shi da ladabi. In shanu suna ƙetare hanya, ku tsaya su wuce. Yara suna kallo, daga nan za su koyi yadda mai bin Almasihu yake zama da maƙwabcinsa.

Muna ba da shawara a zaɓi Asabar ɗaya a wata, kada a taɓa lokacin sujada. Kafin ku tashi, ku taru ku karanta Zabura 121, gama waƙa ce ta matafiya masu hawa zuwa Urushalima, sa'an nan mai gida ya yi addu'a. In kun dawo, ku rubuto mana labarin hanyar da kuka bi da abin da yara suka gani, don waɗansu iyalai su amfana.

Ubangiji ya kiyaye tafiyarku, ya ba ƙasarmu salama. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.